Muna ƙirga shanu a tirela, amma ba ma ƙirga mutane a jirgin ruwa

'Yan'uwa mazauna kudu, na Agege da Mile 12, na Sabon Ibadan, na Ama Hausa a Owerri, na Fatakwal da Warri, da duk inda wannan rubutu ya iske mutum. Daga Suleja nake rubutowa. Ni ba matuƙin jirgi ba ne, ko iyo ma ban iya sosai ba. Mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma tun ina sakandare nake bin tirela lokacin hutu ina raka dabbobi kudu. Abin da ya sa na ɗauko maganar ruwa shi ne, jiharmu ta Neja ta zama duk damina sai an yi mana ta'aziyyar mutanen da jirgi ya kife da su, ku kuma da yawanku jirgin nan kuke hawa a Legas da Bayelsa da Ribas wajen neman abinci.

Bari in fara da abin da ya faru da ni.

Shekaru biyu da suka wuce mun sauke shanu a Fatakwal, sai Baba ya ce in bi wani mahauci cikon kuɗi a wani gari da mota ba ta zuwa. Na hau irin ƙaramin jirgin nan mai gudu da ake ce wa fulayin bot, mu wajen goma sha biyar. A baya na zauna, kusa da matuƙi. Na lura da wata 'yar jar igiya mai lanƙwasa kamar wayar tarho ta da, an naɗe ta a jikin hannun inji, tana ta lilo. Ban kawo komai a raina ba. Muna tsakiyar tafiya wani jirgi ya wuce mu a guje, igiyar ruwansa ta ɗaga namu ta buga. Matuƙin a tsaye yake, ƙafarsa ta zame, ya faɗa kan kayan fasinja, hannun inji ya kuɓuce masa. Wallahi kafin ka ce kwabo jirgin ya murɗa gefe guda kamar bijimin da ya tsinke, mata na ihu, ni kuma ina ta salati. Allah ya taimaka yaronsa ya yi tsalle ya cafke hannun injin.

Da muka sauka, wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya ce ya daɗe yana gyaran injin jirgi, ya nuna mini jar igiyar nan ya ce da tana ɗaure a jikin matuƙin, da faɗuwarsa da mutuwar injin lokaci guda za su zo. Na tambayi matuƙin me ya sa bai ɗaura ba. Ya yi dariya ya ce tana takura masa in zai miƙa hannu ya karɓi kuɗi.

Yadda igiyar ke aiki

Abin ba shi da wuyar ganewa. A jikin injin da ake maƙalawa a bayan jirgi, irin su Yamaha da Suzuki da muke gani, akwai wani ɗan maɓalli. Bakin igiyar yana da ɗan roba mai kama da cokali mai yatsu, shi ake cusawa ya tokare maɓallin. Muddin robar na ciki, inji zai tashi. Ɗaya bakin kuma matuƙi ke ɗaurawa a ƙafarsa ko wuyan hannunsa ko rigarsa. Da zarar ya faɗi ko ya yi nisa da wurin tuƙi, igiya ta fizge robar, maɓalli ya koma, wutar inji ta yanke. Shi ke nan.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta ya fi ban tsoro. Jirgi ba kamar mota ba ne da in direba ya faɗi za ta tafi ta daki wani abu ta tsaya. In an saki hannun inji yana kan wuta, juyin farfela kan tura injin gefe guda, sai jirgi ya shiga zagaye, yana dawowa daidai inda mutum ya faɗa. Farfelar nan kuwa wuƙa ce mai juyawa. Wanda ya iya iyo ma ba ya tsira daga gare ta.

A watan Mayun 2013 hakan ta faru a wani gari mai suna Padstow a Ingila. Iyali guda, mutum 6, jirginsu ya watsar da su a ruwa, ya ci gaba da zagaye yana bi ta kansu. Uban ya mutu, 'yarsa mai shekara 8 ta mutu, uwar ta rasa ƙafa. Masu bincike suka gano igiyar ba ta ɗaure a jikin mai tuƙi.

A Amurka kuwa abin ya zama doka. Tun ranar 1 ga Afrilun 2021, dokar tarayya ta wajabta wa duk mai tuƙa jirgin shaƙatawa da tsawonsa bai kai ƙafa 26 ba, wato kusan mita 8, ya ɗaura igiyar in jirgin na da ita kuma yana gudu. Kafin nan an riga an tilasta wa kamfanoni su riƙa saka maɓallin a sababbin ƙananan jirage. Dokar ba ta hau kan wanda ke lallaɓawa zai tsaya a gaɓa ba, ko wanda wurin tuƙinsa ke cikin rufaffen ɗaki. Tarar farko dala 100 ce, ta biyu 250, ta uku 500. Akwai ma na zamani marar igiya, ɗan abu ne kamar agogo, in ya shiga ruwa ko ya yi nisa da jirgi inji ya mutu.

To, mu kwafo dokar ke nan?

Da farko haka na ɗauka. Amma da na zauna na bi labaran haɗurran da suka faru a wajenmu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga in na ce muku jar igiya ce maganin matsalarmu, na yi muku ƙarya. Ku duba da kanku.

A watan Mayun 2021, jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, 'yan kaɗan ne suka fita da rai. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Kano, jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Yunin 2023, 'yan biki da ke komawa Pategi ta jihar Kwara daga ɗaurin aure a jihar Neja, fiye da 100 suka rasu cikin dare. Ranar 1 ga Oktoban 2024 da daddare, jirgi ɗauke da kimanin mutum 300, yawancinsu mata da yara 'yan Maulidi, ya nutse a Gbajibo da ke ƙaramar hukumar Mokwa. Ba a yi wata biyu ba, a ƙarshen Nuwamba, wani ya kife da 'yan kasuwa daga jihar Kogi masu zuwa cin kasuwar Katcha. A watan Yulin 2025 aka yi na Shiroro, su ma 'yan kasuwa ne. A farkon Satumban 2025 kuma aka yi na Borgu, masu zuwa ta'aziyya, jirginsu ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa.

Waɗannan manyan jiragen katako ne masu nauyi, ba irin masu gudun nan na Amurka ba. Abubuwan da hukumomi ke ambata kusan kullum iri ɗaya ne: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsufan jirgi, kututture, kuma ba mai rigar kariya. Maganar kututture ma tana da tarihi. An kammala madatsar Kainji a 1968, ta Shiroro a 1990, ga ta Jebba a tsakani. Ruwa ya hau kan dazuzzuka da gonaki, itatuwan da ya shanye suna nan a tsaye a ƙasa. In ruwa ya cika ba ka ganinsu ko da rana, balle da dare.

Saboda haka igiyar ta fi shafar ku da ke kudu masu hawa fulayin bot, da masunta da masu ƙananan jirage a tafkunanmu. Duk da haka akwai darasi a cikin dokar can da ya shafi kowa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Kalmar "kimanin"

Ku koma ku saurari labaran nan da kyau. Kullum za ku ji an ce "kimanin mutum 200", "fiye da 100", "ana fargabar". A haɗarin Borgu, wani rahoto ya ce kusan mutum 30 suka rasu, wani ya ce 60. Ba laifin 'yan jarida ba ne. Babu wanda ya san adadin waɗanda suka shiga jirgin tun farko, to ta ina za a san nawa suka ɓace?

Ni kuwa a kara na tashi. Ranar lodi, Baba ba ya barin tirela ta motsa sai an ƙirga shanu sau biyu, shi ya ƙirga, dillali ya ƙirga, direba ya amsa. A rubuta a takarda, a sa hannu, a biya kuɗin ƙungiya da na hukuma a karɓi rasit. Kowace saniya da alamar mai ita a jikinta. In mun ɗauki 32 daga nan muka bi ta Lambata da Bida da Mokwa muka haye gadar Jebba, to 32 za a nema a wajenmu a Ibadan ko Legas. In ɗaya ta faɗi a hanya sai an yi bayani, wani lokaci har da hoto a waya. Kuma babu falken da zai yarda a cusa masa shanu fiye da abin da mota za ta ɗauka, don ya san in sun matsu za su tattake juna, asarar tasa ce.

Ranar da muka bi ta Mokwa bayan abin da ya faru a Gbajibo, wannan tunani ne ya hana ni sakat. Shanun da ke bayana kowace da lamba da takarda. Matan nan da yaran nan kuwa an zuba su a jirgi cikin duhu ba wanda ya rubuta ko sunan mutum ɗaya.

Doka akwai, mai tsayawa a bakin ruwa ne babu

Kada wani ya ce ba mu da doka. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana nan tun 1997. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun hana lodi fiye da kima, sun hana tafiyar dare, sun wajabta rigar kariya. Legas ma tana da tata hukumar, LASWA, tun 2008, kuma waɗanda ke hawa jirgi a manyan tashoshin Legas sun san ba a barinka ka shiga ba riga. A watan Afrilun 2025 ministan harkokin ruwa Adegboyega Oyetola ya zo Minna ya ƙaddamar da rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12, kowace jiha 3,500.

Abin a yaba ne, amma mu yi lissafin 'yan kasuwa. In jirgi ɗaya irin na Gbajibo zai ɗauki mutum 300, riga 3,500 ba ta wuce ta jirage 12 ba. Ko a ce kowane jirgi mutum 100 yake ɗauka, jirage 35 ke nan, a jihar da ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, ga kogin Neja ga na Kaduna ga tafkuna. Kuma riga ba ta amfani a cikin buhu a ofishin ƙaramar hukuma, ko a ɗakin mai jirgi ana jiran ranar da baƙi za su zo daga Minna.

A nan ne dokar igiya ta Amurka ta burge ni. Ƙarama ce. Abu ɗaya ta nema, daga mutum ɗaya, kuma ana iya gani da ido daga nesa: ko igiya na jikin matuƙi ko ba ta jikinsa. Ba sai an kafa kwamiti ba. Mu kuwa bayan kowane haɗari sai a yi ta'aziyya, a ce an haramta kaza da kaza, a yi alkawarin bincike, ruwa ya janye, magana ta janye tare da shi.

Ni a ganina abin da za a tsaya a kai a kowane mashigi bai kamata ya wuce abin da yaro ɗan firamare zai iya dubawa ba. A rubuta adadin mutanen da jirgi zai ɗauka da fenti, manyan lambobi, a jikinsa. A ajiye littafi a bakin ruwa, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da garinsu, littafin ya zauna a tudu. Kowa da riga a jikinsa. Rana ta faɗi, jirgi ya kwana. In kuma ƙaramin jirgi ne mai gudu, igiya a ƙafar matuƙi kafin a kwance daga gaɓa.

Wa zai duba? Jami'an gwamnati ba za su taɓa isa kowane ƙauye ba. Amma a kara ma ai ba ɗan sanda ke ƙirga shanu ba. Shugabannin kasuwa ne da 'yan ƙungiya, saboda su za a tuhuma in an samu matsala. Kowane mashigi yana da Sarkin Ruwa ko shugaban masu jirage, kuma kowane jirgi yana biyan wani abu kafin ya yi lodi. Wanda ke karɓar kuɗin lodi shi ya kamata ya riƙe littafin, kuma shi za a fara tambaya ranar da aka ce "kimanin".

Gaskiyar masu jirgi

Kada mu yi musu rashin adalci. Mai jirgi ba mahaukaci ba ne, shi ma yana cikin jirgin, sau da yawa da 'ya'yansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga baya har ta haura 1,000, injin jirgi kuma shan mai ne da shi. In ya rage fasinja dole ya ƙara kuɗi, mutanen ƙauye kuma ba su da shi. Kasuwa sau ɗaya take ci a mako, jirgi ɗaya ne ko biyu, wanda aka bari a baya ya rasa cinikin mako guda. Fasinjan da kansu ke roƙo, "Don Allah Malam, ni kaɗai ce, ba ni da nauyi." Ga hanyoyin mota sun lalace, a wurare irin su Shiroro kuma tsoron 'yan bindiga ya sa mutane da yawa sun gwammace ruwa da daji.

Don haka ƙirga fasinja yana da tsada, kuma wani zai biya. Ko dai kuɗin jirgi ya ƙaru, ko gwamnati ta ƙaro jirage masu inganci a manyan mashigai ranakun kasuwa da lokacin Maulidi da bukukuwa, ta kuma sa a cire kututturan da ke kan hanya ko a kafa musu alama. Duk wanda ya ce a hana lodi bai faɗi wannan ɓangaren ba, rabin magana ya yi. Sai dai igiya ba ta cikin wannan uzuri. Tare da inji ake sayar da ita, ba ta shan mai, ba ta rage fasinja ko ɗaya. Wanda ya naɗe ta a hannun inji ganganci ne kawai.

Abin da ke hannunmu

'Yan'uwa na kudu, yawancinmu ba 'yan ruwa ba ne. Mun taso a tudu, mun zo neman halal, muna shiga jirgi da babbar riga da jaka a kafaɗa da kuɗin mutane a aljihu. Mutanen Anambra ba su manta da Junior Pope ba, ɗan fim ɗin da ya rasu a kogin Anam a watan Afrilun 2024, wanda bidiyonsa na ƙarshe ya nuna shi cikin jirgi ba rigar kariya. Shi sananne ne, shi ya sa duniya ta ji. Ɗan ci-rani in ya nutse a wani lungu, sai dai a ga wayarsa ta daina shiga.

Saboda haka in za ka hau, kalli bayan jirgi tukuna. In ka ga jar igiya a naɗe a jikin inji, yi wa matuƙi magana cikin ladabi ya ɗaura. In kuna da yawa ku haɗa baki, ya fi jin maganar mutum biyar. Ka sa riga ka ɗaure maɗaurinta sosai, wadda aka rataya a wuya kawai ruwa zai zare ta. Kada ka shiga in magariba ta kawo jiki, kwanan tasha bai taɓa kashe kowa ba. In ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, fita, ko da ka riga ka biya. Kuma ka kira wani ɗan'uwa ka gaya masa inda ka hau da inda za ka.

In kai ne mai jirgin ko kana da ɗan ƙaramin inji na kamun kifi, gwada igiyar kullum kafin ka tashi: tayar da inji, fizge ta, ka ga ko ya mutu. Rana da ruwan gishiri suna cinye ta, in ta saki ko ta tsattsage a canja. Ka ajiye guda ta biyu a cikin jirgi inda yaronka ya sani, don in ka faɗa ruwa da ta farko a jikinka, ya samu abin tayar da inji ya dawo ya ɗauke ka.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na kudu su ma suna da rawar takawa. Yadda ake tara kuɗi a kai gawa gida, haka za a iya tarawa a sayi riguna goma a ajiye a masallaci ko ofishin ƙungiya, mai tafiyar ruwa ya ara ya dawo da ita.

Na san wani zai ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma malamanmu sun sha gaya mana labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Ban taɓa ganin Baba ya bar sa ba igiya a bakin titi wai don ya yi addu'a da asuba ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Wara da Bagwai da Pategi da Gbajibo da Shiroro da Borgu, waɗanda aka samu gawarsu da waɗanda har yau ba a san adadinsu ba. Ku kuma Allah ya tsare ku a tudu da ruwa, ya dawo da ku gida lafiya. Wanda ke aiki a bakin ruwa a Legas ko Yenagoa ko Warri, ina roƙo gobe in ya fita ya duba mana jirage goma na farko, ya ga a cikin matuƙa nawa ne igiyar ke jikinsu.